Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Fitar Da Gangaren Kaifin Wuƙa Da Magagari

Duk shekara, da zarar watan Zulƙida ya raba, samarin unguwa sukan cika rumfata a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kowa da guntun sifirin ɗin mota a hannu, wanda a nan ake kira yay, yana so ya fitar da wuƙar yanka kafin Babbar Sallah. Ina murna da zuwansu, domin sana'ar da kakanninmu suka zo da ita har Maiurno, garin Hausawa da Fulani a nan Sudan, ba ta cancanci ta mutu a hannunmu ba. Amma na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana fitowa daga hannu daban-daban, shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya karanta ya huta da asarar ƙarfe da gawayi.

Abin da nake kira gangare shi ne shimfiɗar da ake gogewa daga jikin wuƙa zuwa bakinta, kuma guda biyu ne. Akwai babban gangare wanda magagari yake fitarwa, akwai kuma ɗan siririn da ake yi a kan dutse bayan an shayar da ƙarfe (wato an gasa shi ya yi ja an tsoma a mai domin ya yi tauri), wanda shi ne kaifin kansa. Mai koyo yakan ji an ce wuƙar mahauci tana son digiri 15 zuwa 20, sai ya ɗauki magagari ya kafa shi a wannan kusurwa tun daga farko, ya fito da abu mai kauri kamar bakin gatari. Wannan lissafi na ɗan siririn kaifi ne, kuma na kowane gefe guda ne, wato idan aka haɗa gefen biyu digiri 30 zuwa 40 ke nan. Babban gangare ya fi haka kwanciya nesa ba kusa ba. A ɗauki ƙarfe mai kaurin milimita 4, a bar milimita 1 a baki, saura milimita ɗaya da rabi da za a ci daga kowane gefe. Idan gangaren ya hau milimita 20 a jikin wuƙa, kusurwarsa kusan digiri 4 ce kawai, idan kuma ya tsaya a milimita 10, ta haura digiri 8 kaɗan. Saboda haka rula ce take tsayar da kusurwa, tun kafin magagari ya taɓa ƙarfe.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake tasowa, wato fara guga ba tare da an ja layin tsakiya ba. Ni dai al'adata ita ce in shafe bakin ƙarfen da baƙar maka, in kwantar da shi a kan abu mai shimfiɗa, in ɗauko bakin na'urar huda ƙarfe, wanda muke kira bunta, mai ɗan ƙarancin kauri a kan ƙarfen, in ja tsininsa a jikin bakin, sannan in kifa ƙarfen in sake ja. Layi biyu za su fito da ɗan tsakani. Wannan tsakanin haram ne ga magagari. Sai kuma in ja wani layin a kowace fuska, inda nake so gangaren ya tsaya. Wanda ya tsallake wannan aiki na minti biyar zai ci gefen da hannunsa ya fi sabawa da shi fiye da ɗayan, kaifin ya koma gefe guda, kuma irin wannan wuƙa ba ta tafiya sak a cikin nama, kullum tana zamewa hagu ko dama. Na sha jin yaro ya ce idonsa ya ishe shi. Idon wa? Mutanen da suka shekara talatin a maƙera ma suna jan layi, balle wanda jiya-jiya ya koyi riƙon awartaki.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa ƙona ni, kuma har yau idan na ga wani yana shirin yin sa raina yakan ɓaci. Shi ne a goge baki har ya yi kaifi kafin a shayar da ƙarfe. Ina saurayi a rumfar baffana, wani mahauci ya ba ni aikin wuƙaƙe shida, ya biya rabin kuɗin, saura kwana goma Sallah. Na kwana huɗu ina guga, na fitar da su har suna aske gashin hannu, ina jin na gama aiki. Da na kai su wuta na tsoma a mai, huɗu suka fito bakinsu ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar gefen ganye, ɗaya ta tsage har ina jin ƙarar a cikin mai. Wadda ta tsira kuma, mahaucin ya dawo da ita ran Sallah da yamma, bakinta duk giɓi, ya ajiye a gabana bai ce uffan ba. Baffa ya ɗauka ya duba, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana kai wa wuta bakin da ya riga ya sirance? Ai ita wuta siriri take fara ci." Na mayar da kuɗin mutumin daga aljihuna, kuma bai sake kawo mini aiki ba.

Dalilin a fili yake. Siririn baki yana rigan sauran jiki yin ja a wuta, ya zarce zafin da ake so, ya rasa sinadarin da yake sa ƙarfe tauri, sannan a cikin mai ya riga kowa hucewa, jiki mai kauri ya ja shi ya murɗe. Tun daga wannan shekara ba na kai wuƙa wuta sai da milimita 1 a bakinta. Na san akwai maƙeran da suke barin rabin haka kuma suna tsira, amma su sun san wutarsu, kai mai koyo ba ka san taka ba tukuna. Ka bar kaurin, ka shayar a mai ba a ruwa ba, domin sifirin ba ya jure ruwa, ka sake ɗumama ta a hankali har ta ɗauki launin busasshen kara, sannan ka je kan dutse ka ci sauran. Kuma kada wani ya zo mini da zancen cewa dutse yana cin lokaci. Wuni guda a kan dutse ya fi kwana huɗu da za ka zubar a bola.

A kan dutsen ne lissafin digiri yake aiki, kuma ba sai da wani ma'auni na musamman ba. Idan faɗin wuƙa santimita 4 ne, ka ɗaga bayanta santimita 1 daga dutse, ka sami kusan digiri 15, idan ka ɗaga kusan ɗaya da rabi ka kai wajen digiri 20. Satur, babbar wuƙar saran ƙashi, yana son 25 zuwa 30 a kowane gefe, wanda kuma ya ba shi kaifin wuƙar fiɗa zai ga bakinsa ya farfashe a ƙashin sa na farko.

Sai lilon hannu. Mai koyo yana tura magagari, gabansa ya yi ƙasa, bayansa ya yi sama, gangaren ya fito da tumbi maimakon ya kwanta. Maganin da nake ba yarana shi ne a ɗaure magagari a jikin dogon rodi, a zura ɗaya ƙarshen rodin cikin zoben da aka kafa a katako, yadda kusurwa ba za ta motsa ba. Idan tsakanin zoben da bakin wuƙa santimita 30 ne, ɗaga zoben santimita 2 sama da bakin yana ba da kusan digiri 4, santimita huɗu da rabi kuma kusan takwas da rabi. Ni nakan fara da karya kusurwar baki a tsaye-tsaye har zuwa layin tsakiya, daga nan in riƙa sauke zoben kaɗan-kaɗan gangaren yana hawa, ina shafa maka bayan kowane zagaye domin in ga inda magagari yake ci da inda yake tsallakewa. Wajen da baki ya lanƙwasa zuwa tsini, dole a bi lanƙwasar da hannu, a bar magagari yana fuskantar baki kai tsaye, in ba haka ba tsinin ya fito da kauri.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Sifirin da ba a tausasa ba yana kashe magagari a yini ɗaya, don haka a gasa shi har maganaɗisu ya daina kama shi, a binne a toka ya kwana. Magagari a turawa yake ci, a ɗaga shi wajen dawowa. A shafa masa alli, a riƙa share haƙoransa da burushin waya, domin ɗan guntun ƙarfe da ya maƙale zai ja maka kurji mai zurfi wanda zai iya zama mafarin tsagewa a mai. Kada a matse wuƙa a manjala, wato abin damƙe ƙarfe da ake kafawa a teburi, rabinta yana reto a iska, a sa mata katako a ƙasa har zuwa tsini, domin ƙarfen da yake lanƙwasawa a ƙarƙashin magagari ba ya riƙe kusurwa. A kuma riƙa juya fuska, a ci wannan kaɗan a ci waccan kaɗan, ana duba layukan biyu a hasken rana kafin a ci gaba.