Yadda mai iyali zai tsara fita aiki a Legas ba tare da hanya ta cinye lokacin 'ya'yansa ba

Daga Agege zuwa Marina da ke Tsibirin Legas bai kai kilomita 30 ba, amma duk wanda ya yi sake ya bar gida bayan ƙarfe shida da rabi na safiyar Litinin ya san tafiyar na iya cin awa biyu, wani lokaci har uku, kuma da yamma sai ya sake biyan irin wannan bashi kafin ya ga ƙofar gidansa. Na shafe shekaru ina fita yara suna barci, in dawo in tarar sun sake kwanciya, ina gaya wa kaina ai su nake nema wa, har wata Asabar da na miƙa hannu zan ɗauki 'yar autata, sai ta noƙe ta ɓuya a bayan zanin mahaifiyarta kamar ta ga baƙo. A daren ranar muka zauna da maiɗakina, wadda ita ma take fita aiki, tana koyarwa a wata makaranta, muka sake tsarin gidanmu tun daga tushe.

Abin da ya kamata a fara da shi shi ne lissafi. A samu ɗan littafi, a riƙa rubuta lokacin da aka fita da lokacin da aka isa wurin aiki, haka ma na dawowa, tare da kuɗin motar da aka kashe, har tsawon mako biyu. Yawancinmu muna ƙiyasi ne da ka, kuma ƙiyasin ka kullum yana rage awannin. Idan mutum ya ga da idonsa cewa awa 20 ko fiye yake zubarwa a kan titi duk mako, zai daina ɗaukar gosulo a matsayin ƙaddarar da ba a taɓawa. Littafin zai kuma nuna masa wani abu mai amfani, wato bambancin minti 20 a lokacin fita kan jawo bambancin awa guda a lokacin isa.

Daga nan sai maganar gida da makaranta, wadda a ganina ita ce gaba da komai. Mutanenmu sun fi son zama inda 'yan'uwa suke, a Agege, ko Idi-Araba, ko kewayen Mile 12, ko Alaba Rago, kuma dalilin a bayyane yake, tunda akwai masallaci da Islamiyya da maƙwabta masu jin yarenka. Sai dai kafin a biya kuɗin hayar shekara, ga na dillali ga na yarjejeniya, ya dace a bi hanyar daga gidan zuwa wurin aiki a ranar aiki da sassafe, domin ranar Lahadi da ake yawan zuwa duba gida titi fayau yake, yana yaudarar mutum. Gidan da ya ɗara wani tsada kaɗan amma ana iya takawa daga shi zuwa tashar jirgin ƙasa ko ta manyan motocin bas na BRT yakan fi araha idan aka haɗa da kuɗin keke na safe da yamma, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuɗin mota ya tashi.

Makarantar yara kuwa a neme ta kusa da gida, ko da an ga wadda ta fi ta suna a kusa da ofis. Yaron da ake tasa ƙarfe huɗu da rabi don ya tsallaka gada tare da iyayensa zai isa aji a gajiye, ya yi gyangyaɗi a darasi, ya dawo ba shi da ƙarfin zuwa Islamiyya. Idan miji da mata duka suna aiki, a yi iya ƙoƙari ɗayansu ya kasance a ɓangaren da yara suke, kada a ce duka biyun suna tsallaken ruwa. Gadar Third Mainland tsawonta kilomita 11.8 ne, kuma ranar da mota ta lalace ko aka yi haɗari a kanta babu ta inda za a ratse, ga shi a irin wannan rana ce waya kan zo daga makaranta cewa jikin yaro ya yi zafi.

Game da abin hawa, shawarata ita ce a fifita wanda ake iya sanin lokacin isarsa a kan wanda ya fi araha. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo, tafiyar kilomita 27, kuma ga mazaunin Agege da ke aiki a Yaba ko a Tsibirin Legas babu kamarsa, tunda daga Oyingbo gajeruwar mota ce zuwa Idumota ta gadar Carter. Lokutan tashinsa ƙayyadaddu ne, saboda haka a nemi jadawalin hukumar sufuri ta LAMATA a gina safiyar gida a kansa. Masu fitowa daga wajen Alaba Rago da Ojo suna iya sauka a Mile 2 su hau Blue Line, wanda tun watan Satumban 2023 yake kai mutane Marina. Motocin BRT sun fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, daga baya layin ya kai Ikorodu, sannan a 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba. Suna da nasu titin da aka keɓe musu, amma layin shiga da safe yana da tsawo, don haka jiran ma a sa shi cikin lissafi. Katin biyan kuɗin mota na Cowry guda ɗaya yana yi a BRT da jirgin ƙasa, kuma a saba zuba masa kuɗi tun ƙarshen mako, don kada a tsaya wani layin na daban ranar Litinin. Mazauna Ikorodu suna da jirgin ruwa, wanda bai kamata a hau shi ba tare da rigar kariya ba, komai gaggawa.

Danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ba a rabuwa da shi gaba ɗaya. A tanadi canji tun daga gida, a san sunan tashar da za a sauka, a ce “owa”, wato akwai mai sauka, da ƙarfi kafin a iso ta. Da duhun asuba ko da dare kada a shiga motar da ta tsaya a gefen titi tana kiran fasinja, a je tasha inda motoci ke bin layi, domin 'yan fashin da ake kira wan cans a irin waɗannan lokuta suke farauta. A kuma tuna cewa tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo, kuma dokar tana hawa kan fasinja kamar yadda take hawa kan mai babur.

Safiya tun dare ake shirya ta. Ana ganin an kawo wuta sai a yi gugar kayan makaranta, ko da na kwana uku ne, a cika bokitan wanka, a duba jakar kowane yaro, a jera takalma a bakin ƙofa. Asuba a Legas takan shiga tsakanin biyar da kwata zuwa kusan shida saura, gwargwadon watan da ake ciki, kuma wanda ya idar da salla ya riga ya sa kayansa zai iya kama hanya kafin ta cushe. A gidanmu ni ke yi wa ƙananan wanka in sa musu kaya yayin da mahaifiyarsu ke zuba abinci a kula. Na san akwai magidantan da ke ganin wannan ba aikinsu ba ne, amma matar da ita ma za ta fita ta yini a tsaye ba za ta iya ɗaukar jinka da hannu ɗaya ba, kuma waɗannan mintuna goma sha biyar na ɗaure igiyar takalmi da shafa mai su ne kaɗai rabona da yaran kafin dare.

Idan wurin aiki yana da sassauci, a nemi shugaba cikin ladabi ya yarda a fara ƙarfe bakwai a tashi ƙarfe huɗu, a nuna masa cewa awannin aikin ba su ragu ba. Wanda ya bar tsibiri ƙarfe huɗu yana iya samun Magariba a masallacin unguwarsa, wanda ya kai biyar da rabi kuwa a cikin mota za ta riske shi. Ko yaya ne, a yi La'asar kafin a fito, a kuma fito da alwala.

Akwai kuma awannin da ke tsakanin tashin makaranta da dawowar iyaye. A gida Arewa kaka ko gwaggo na nan, ba a ma tunanin abin, amma a nan sai an nemi wanda za a ba amana. A zaɓi mutum ɗaya tsayayye, a kai shi makaranta a gabatar da shi ga malamai, a gaya musu kada su miƙa yaro ga kowa bayan shi sai sun kira. Mu wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce, yaran suna ce mata Hajiya Kaka, kuma ba mu taɓa barin wata ya ƙare ba mu kai mata wani abu ba, ko da ta ce, “Haba ɗana, ai jikokina ne.” Mai keken da zai riƙa kai yara ya zama sananne a unguwa, wanda aka san gidansa. Kowane yaro ya haddace lambar wayar uwa ko uba da sunan layinsu da tashar mota mafi kusa, manyan kuma a koya musu lambobin gaggawa na jihar, 767 da 112. A watannin Yuni da Yuli, da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya har tituna su cika, a gaya wa mai riƙon yaran tun da wuri cewa za a iya yin dare, kuma waya ta kasance da caji.

Cefane a yi shi sau ɗaya ranar Asabar. A Mile 12 ana samun tumatir da tattasai da albasa da sauƙi idan maƙwabta biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka sayi kwando suka raba, kuma kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ba sa jiran wutar firiji, ga shi miyarsu ba ta ɗaukar lokaci a daren da aka dawo a gajiye. Kada a sa ran cefanen safiyar Alhamis, domin kasuwanni ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda shara.

Duk wannan tsari domin awa guda ake yin sa, wadda za a zauna da yara bayan an dawo. A ajiye waya a ɗaki, a ci abinci a faranti ɗaya, a saurari haddar da aka ba su a Islamiyya, a duba aikin gida. Hirar kuma a yi ta da Hausa da gangan. Yaranmu suna koyon Yarabanci a makaranta, kamar yadda dokar jihar ta 2018 ta wajabta, suna kwasar Buroka a layi, kuma duka biyun za su amfane su, sai dai Hausa ba ta da wani aji a rayuwarsu in ban da tabarmar tsakar ɗaki. Tatsuniya ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi kafin barci tana dasa kalmomin da faɗa ba zai dasa ba. Ranar da hanya ta riƙe mutum, ya kira daga cikin mota su yi magana da kowane yaro da sunansa.

Wata Asabar kuma a ɗauke su a bi da su hanyar da ake bi kullum, su ga tasha, su ga gada, su ga ƙofar wurin aiki. Tun da na yi haka, idan na kira da yamma 'yar autar ce ke karɓe wayar daga hannun mahaifiyarta ta ce, “Abba, ka wuce Oshodi?” In na ce na wuce, sai in ji tana gaya wa yayyenta su shimfiɗa tabarma.