Yadda na samo dattawan da suka san dalar gyaɗa

Ina neman waɗanda suka yi dako a zamanin dalar gyaɗa a Kano, in naɗi labarinsu. Na baza sanarwa a WhatsApp, shiru kake ji. Masu labarin ai ba sa can.

Sai na bi ta wajen mai unguwa, ya haɗa ni da liman, aka yi cigiya bayan sallar Azahar. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da ɗan goro, rikoda tana aljihu. Duk wanda muka gama hira sai in ce, "Baba, wa ya rage cikin abokan aikinku?" Daga nan sunaye suka riƙa fitowa.

Tsofaffin da suka yi ɓarar gyaɗa kuwa, ƙanwata ke shiga wurinsu bayan maigida ya yarda.