Yadda Za Ki Zaɓi Jakar Goyo Daidai da Yaron da Ya Fara Tafiya

Kwanaki na haɗu da ƙanwata a bakin kasuwar Wunti, ɗanta mai wata 16 yana cikin jakar goyon da aka ba ta tun ranar suna. Ƙafafunsa na reto, madaurin ya nutse mata a kafaɗa, tana tafe tana dafe ƙugu. Na ce mata, "Maman Boy, ai jakar nan ta gama aikinta." Ta ce ai ba ta yage ba. Nan ne yawancinmu muke kuskure: jaka tana yi wa yaro kaɗan tun ɗinkinta bai motsa ba.

Fara da sikeli. Idan kin kai shi allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, ki roƙi a ɗora shi a rubuta miki nauyin a kati. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 zuwa 10, ɗan shekara biyu kuma wajen kilo 12. Sai ki duba ƙyallen da ke liƙe jikin jakar. Da yawa iyakarsu kilo 15, wasu kamar Ergobaby suna kai wa 20. Idan kin ga an rubuta lbs, raba lambar da 2.2, wato 33 lbs kilo 15 ke nan. Ki zaɓi wadda ta bar masa sarari, kada ki ɗauki wadda yana dab da iyakarta.

Amma nauyi ba ya faɗa miki komai game da zamansa a ciki, kuma zaman shi ne ya fi damuna. Ari tef ɗin tela. Zaunar da yaron a cinyarki yana fuskantarki, ƙafafunsa sun rungumi ƙugunki yadda yake yi idan kin saɓe shi. Auna daga bayan gwiwa ɗaya, ki bi ta ƙarƙashin mazaunansa, zuwa bayan ɗaya gwiwar. Faɗin mazaunin jakar ya kamata ya yi kusa da wannan awon. Idan ya zauna daidai, gwiwoyinsa za su ɗan fi ɗuwawunsa tudu, kamar zaman kwaɗo, nauyin ya sauka a mazaunai da cinyoyi. Idan ƙyallen ya tsaya a tsakiyar cinya, nauyinsa na rataye ne a matsematsi, kuma zai riƙa janyo ki. Idan kuma ya wuce gwiwa har yaron ya kasa lanƙwasa ƙafa, ta yi masa yawa. Kada ki saye ta da sunan zai girma ya cike ta.

Daga nan ki duba baya. Yaron da ya fara tatata ba ya zama wuri ɗaya, da ya hango akuya ko mai balan-balan sai ya banƙare. Bayan jakar ya kai aƙalla hammatarsa, ya rufe allon kafaɗa. Wadda ta tsaya a tsakiyar baya, ajiye ta.

Ke ma sai an auna ki. Nemi mai faffaɗan ɗamara a ƙugu, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki kilo 12, ba kafaɗa ba. Ki gwada ta a kan irin kayan da kike fita da su, ki saka hijabin a kai ki ga ko fuskarsa na samun iska. Shi ya sa ba na son aike a wannan sayayya. Ki je da yaron, ki goya shi a gaban mai shagon, ki yi ɗan zagaye na minti goma. Idan ta gwanjo ce, ja kowane madauri da ƙarfi, ki danna makullan robar ki ji ƙarar shigarsu, ki duba ɗinkin inda madauri ya haɗu da jiki. Ki tuna kuma da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu. Mai kaurin soso takan jawo ƙurajen zafi, gara ta auduga ko mai raga.

Zani da majanyi fa? Ni har gobe da su nake aikin gida, kuma awon iri ɗaya ne. Zanin yadi biyu na atamfa mai ƙwari yana ɗaukar ɗan shekara biyu, in dai kin baza shi har bayan gwiwoyinsa, kin ja na sama ya kai hammata, sannan majanyin ya tallafo ƙarƙashin mazaunai. Abin da nake roƙo kawai, ki kunce shi kafin ki sunkuya kan murhu, kuma idan za ki shiga Keke Napep ki sauke shi ki riƙe a cinya, don kan yaro mai tsayi yana iya bugun ƙarfen rufin.