Matakan tada injin Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye

Kada ka murza makulli tukuna. Mai ya bushe a silinda, zoben fistan na iya karyewa.

Da farko ka hure ƙurar hunturu da ta taru a ramin buji (fulogi), don yashin Damagaram in ya faɗa ciki sai ya karce silinda. Cire buji huɗun, zuba cokali ɗaya na man inji a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka juya injin da hannu ta ƙusar fulin gaba. In ya cije, ƙara mai ka jira, ban da ƙarfi.

Na biyu, zubar da tsohon mai da ruwan radiyato, canza filta. Tsohon isanshi (fetur) yakan zama danƙo, sai an wanke tanki da karbureto. Duba wayoyi ma, ɓeraye ba sa ƙyale su.

Na uku, auna kwamfreshon, wato ƙarfin matsin iska a kowace silinda. Bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, ɗiga mata mai ka sake aunawa: in ya hau, zobe ne ya ci, in bai motsa ba, bawul ne ko juwan kilas, wato gasket ɗin da ke ƙarƙashin kilas, murfin kan silinda.

In ta kai ga buɗe kilas, a nan ake ɓarna. Rigunan silindar 504 a cikin ruwa suke zaune, ka danne su da ƙusa da washa (faifan ƙarfe mai rami) kafin ka juya komai, in ba haka ba ruwa zai gauraya da mai.

Bayan haɗawa, juya sitata ba buji har fitilar mai ta mutu, sannan ka tada.