Yadda za a gyara imel ɗin da shafinku ke turawa a madadin mutane

Idan makarantarku ko ƙungiyarku a Damagaram tana da shafi mai fom, wanda mutum ke cikawa na'ura ta tura imel da sunansa, wataƙila saƙonnin suna faɗawa cikin spam ko suna dawowa. Dalili kuwa, na'urar ta sa adireshin Yahoo na mutumin a gurbin mai aikawa, alhali ba daga Yahoo saƙon ya fito ba. Tun 2014 ake ƙin karɓar irin wannan.

Da farko, ku cire adireshinsa daga gurbin From, wato gurbin mai aikawa, ku sa naku mai ƙarewa da .ne ko duk sunan da kuka yi rajista. Nasa ya koma gurbin Reply-To, don amsa ta je masa kai tsaye. A ganina wannan ne babban aikin.

Sannan ku shiga saitin DNS, wato inda ake rubuta bayanan sunan shafinku, ku rubuta SPF, layin da ke nuna sabar (na'urar tura saƙo) da kuka yarda ta aika imel da sunanku. Guda ɗaya tak, don biyu ɓata juna suke yi. Ku ƙara mabuɗin DKIM, wanda ake tabbatar da sa hannun saƙonninku da shi, sai DMARC, wanda ke faɗin abin da za a yi da saƙon da bai ci waɗannan gwaje-gwaje ba, ku fara da p=none, wato a sa ido kawai.

Daga nan ku tura gwaji zuwa Gmail, ku buɗe saƙon, ku zaɓi "Afficher l'original", wato nuna asalin saƙon. Ku tabbata PASS ya bayyana a wurare ukun: SPF, DKIM da DMARC.