Kurakuran da sababbin akantoci suka fi yi wajen riƙon amanar aiki

A shekarar 2005 wata kotu a Amurka ta yanke wa Betty Vinson hukuncin ɗaurin wata biyar. Akanta ce a kamfanin sadarwa na WorldCom, tana da shugabanni a samanta, kuma su ne suka umarce ta da ta shigar da wasu alƙaluma a littafin kamfani. Kuɗin da ake biya na hayar layukan waya, wanda kashe kuɗi ne na yau da kullum, aka mayar da shi kamar an sayi kadara, don riba ta kumbura. Ta nuna rashin jin daɗi, har ta yi tunanin ajiye aiki, amma a ƙarshe ta shigar. Da asiri ya tonu a 2002, abin da aka fara ganowa ya kai dala biliyan 3.8. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, an yanke masa ɗaurin shekara 25, ita ma cewa "sa ni aka yi" bai hana ta shiga gidan yari ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna, domin mutanen kirki ne suke faɗawa cikinsa. Matashi ya gama karatu, ya samu aiki da ƙyar, sai shugabansa ya ce masa, "Shigar da wannan, wata mai zuwa za mu gyara." Yana ganin nauyin yana wuyan wanda ya ba da umarni, alhali hannun da ya rubuta shi ma ana tambayarsa. Kuma watan gyaran ba ya zuwa: ramin da aka rufe da ƙarya a wannan zango sai ya nemi ƙaryar da ta fi ta a zango na gaba. Maganin wannan kuskure yana farawa da tambaya cikin ladabi: ina takardar da ke bayan wannan adadin? Idan babu rasit, babu yarjejeniya, babu wata hujja, ka nemi a ba ka umarnin a rubuce. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa, don mai son a yi ba daidai ba ba ya son barin sawu. In aka matsa, ka rubuta wa kanka rana da abin da aka ce da amsar da ka bayar, ka kai batun ga na sama da shi ko kwamitin binciken kuɗi, ka kuma nemi shawarar ƙungiyar akantocin da kake da rajista da ita. In duk ƙofofi sun rufe, ƙin sa hannu ya rage, ko da zai kai ga barin aikin. Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Ɓoye ƙaramin kuskure ma yana cin mutane. Nick Leeson, ma'aikacin bankin Barings a Singafo, ya ce ya fara amfani da wani asusu mai lamba 88888 ne don rufe kuskuren wata abokiyar aikinsa. Asusun ya zama wurin zuba asararsa, har ta kai fam miliyan 827 a 1995. Bankin da aka kafa tun 1762 aka sayar da shi a kan fam ɗaya. Abin da ya ba shi dama shi ne cewa shi ke ciniki, shi kuma ke kula da rubuta cinikin. Idan ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, ka gyara ta hanyar da duk mai dubawa zai ga an yi gyara da dalilinsa. Idan kuma aka haɗa maka amincewa da biyan kuɗi da biyan da kuma rubutawa, kai da kanka ka nemi a raba, don kariyarka ce.

Wasu suna ganin muddin takarda ta cika, shi ke nan. Sai a ɗauko cinikin Janairu a saka a Disamba don shekara ta yi kyau, ko a jinkirta rubuta bashin da aka san ba zai dawo ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: bankin da zai ba da rance, ko mai hannun jari, in ya karanta wannan rahoto, zai ga kamfanin yadda yake?

Sai matsalar sabo da kuma karɓar kyauta. Kundin ɗa'a na akantoci na duniya, wanda hukumar IESBA ke fitarwa, ya lissafa abubuwa biyar da ke karkatar da hukuncin akanta: son amfanin kai, duba aikin da kai ka yi, zama mai kare muradin wanda kake wa aiki, sabo, da tsoratarwa. Sabo ne ya fi shiga a ɓoye. Ka shekara biyar kana binciken kamfani ɗaya, kun saba da ma'ajinsu, sai ka ji kunyar neman hujja. Kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen ya karɓi dala miliyan 25 na binciken kuɗi da miliyan 27 na ba da shawara daga Enron, kamfanin makamashi na Amurka, a shekarar 2000, kuma bayan rushewar Enron a 2001 shi ma bai tsira ba. A matakin ƙaramin ma'aikaci, abin yakan zo ne a siffar kyauta daga ɗan kwangila, ko ɗan'uwanka yana cikin masu neman kwangilar da kake tantancewa. Ka bayyana alaƙar a rubuce tun kafin a tambaye ka, ka janye daga yanke hukuncin. Hujja kuma a nemo ta daga tushe: euro biliyan 1.9 da kamfanin Wirecard na Jamus ya ce yana da su a bankuna biyu na Filifin, a 2020 bankunan suka ce takardun na jabu ne.

Riƙe sirri yana da kuskure ta fuska biyu. Akwai mai sakin baki, yana ba abokai labarin albashin wane ko ribar da ba a sanar ba tukuna. Akwai kuma mai ɗaukar cewa sirri ya wajabta masa yin shiru a kan laifi. Tun 2017 kundin ɗa'ar ya fayyace matakan da akanta zai bi idan ya ci karo da karya doka: ya fara fahimtar lamarin sosai, ya tayar da shi a cikin gida, sannan a wasu yanayi ya kai ga hukuma. A WorldCom ɗin nan, Cynthia Cooper ce shugabar binciken kuɗi ta cikin gida. Babban jami'in kuɗi ya nemi ta jinkirta binciken, ita da mutanenta suka ci gaba da bin alƙaluman, wani lokaci da dare, suka tattara hujjojinsu, sannan ta kai su gaban kwamitin binciken kuɗi na kamfanin a watan Yunin 2002.