Yadda ake tsara gilashin tattara zafin rana don ƙaramin murhu

Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu ya riga ya san tushen wannan aiki. Sai dai ƙona takarda daban, tafasa ruwan gida kullum daban. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da neman gilashi, sannan ya dawo yana tunanin abin da zai yi da shi. Daga tukunya ake farawa.

Da farko, ka san yawan zafin da kake bukata. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin kusan minti 17 idan wat 300 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin zafi ko lantarki) na shiga ruwan. Da tsakar rana, in sama ta washe, murabba'in mita ɗaya yana karɓar kimanin wat 1,000, amma gilashi ba ya tattara sai hasken da ya miƙo kai tsaye daga rana, don haka ka yi lissafi da 800. Gilashi mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 70 zai kama wat 560. Shi kansa zai ci wajen kashi ɗaya cikin biyar, iska ta kwashe nata daga jikin tukunya, abin da zai rage maka bai wuce wat 300 ba. Wannan ya isa shayi da ɗumamen abinci. In girkin babban gida kake nufi, sai ka ƙara faɗi tun a takarda.

Na biyu, irin gilashin. Dunƙulallen gilashi mai wannan faɗi ya fi ƙarfin ɗauka, ga tsada. Mafita tana cikin dabarar Augustin Fresnel, Bafaranshen da aka ɗora gilashinsa a hasumiyar haska wa jiragen ruwa ta Cordouan a 1823. Ya gane cewa a fuskar gilashi haske ke lanƙwasa, kaurin ciki kaya ne kawai. Sai aka yanka fuskar zobe-zobe kamar haƙoran zarto, aka shimfiɗa su a fage ɗaya. Yau da robar akirilik ake yin sa, wadda ke barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya wuce, kuma tana jure rana shekara da shekaru. Robar polikabonet ta fi ta ƙarfi, amma tana yin rawaya in ba a shafe ta da maganin kariya ba.

Na uku, tazarar da ke tsakanin gilashi da wurin da haske zai taru. Nan ne gizo ke saƙar. Kada tazarar ta gaza faɗin gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, ko aƙalla ta yi kusa da shi. In ta yi gajarta, haƙoran bakin gilashi za su yi tsaye da yawa, haske ya riƙa komawa baya maimakon ya fita. In ta yi tsawo, firam, wato ƙarfen da ke riƙe gilashin, ya zama dogo, iska ta riƙa wasa da shi.

Ga yadda za ka fitar da gangaren kowane zobe, idan santsin fuskar ne ke kallon rana. Ka zana a takarda: tazara santimita 100, zobe yana nesa da tsakiya da santimita 40. Ka ja layi daga zoben zuwa wurin taruwa, ka auna, zai ba ka kusan 107.7. Ka ninka shi da 1.49, wato ƙarfin lanƙwasa haske na akirilik, ka sami 160.5. Cire tazarar, saura 60.5. Raba 40 da 60.5, amsa 0.66; ka danna tan⁻¹ a kalkuleta don mayar da ita kusurwa, za ka sami gangaren kusan digiri 33. Zoben da ke santimita 10 daga tsakiya digiri 11 kawai yake so, na santimita 50 kuma kusan 37. Iyakar akirilik digiri 42 ce. Daga nan haske ba ya fita sam. Ko da ba kai za ka sassaƙa gilashin ba, kuma gaskiya yanka irin waɗannan zobba aikin inji ne a masana'anta, wannan lissafi zai hana a sayar maka da abin da ba zai yi aiki ba. Tsofaffin manyan talabijin masu haska hoto daga baya suna da irin wannan faifai a bayan fuskarsu, amma ka gwada shi a rana kafin ka biya, domin wasu layi suke tarawa, ba ɗigo ba.

Na huɗu, girman ɗigon. Rana ba tsini ba ce, faɗinta a sama kusan rabin digiri ne, saboda haka a tazarar mita ɗaya ɗigon ba zai gaza milimita 9 ba, kuma a zahiri yakan kai santimita biyu ko uku. Kada ka bi ɗigo mafi ƙanƙanta. Zai huda gindin tukunyar sanholo alhali ruwan saman bai yi ɗumi ba. Ka matso da abin karɓar zafin kusa da gilashi har hasken ya bazu kamar tafin hannu a kan faranti mai kauri na baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe, wanda aka shafa wa baƙin fenti mai jure wuta. Akwai wata riba: rana na tafiyar digiri ɗaya cikin minti huɗu, ɗigon kuma ya gusa kusan santimita biyu. Faffaɗan faranti zai ba ka minti goma kafin ka sake juya firam.

Sai firam ɗin. Mai walda ya yi shi yadda zai juya gabas zuwa yamma, ya kuma ɗaga ko ya sunkuya. Kada a ɗaure robar da ƙusa kam-kam, domin mita ɗaya ta akirilik tana miƙewa kusan milimita biyu idan zafi ya ƙaru da digiri 30. A bar mata sarari a cikin tsagi. Haƙoran su kalli ƙasa, santsin ya kalli sama, don ƙura ta sharu da ruwa da tsumma mai laushi; busasshen tsumma yana karce ta.

A ƙasar Hausa hazon hunturu ne babban abokin gabar wannan na'ura. Yana watsa haske, faifan sola ya ci gaba da ba da ɗan abin da ya samu, amma gilashi ya tsaya cak. Dubi inuwarka: in bakinta ya fito tsaf, ranar aiki ce.

Gwajin farko ka yi shi sanye da baƙin tabarau na masu walda, nesa da zana da danni da tarin kara, yara kuma suna can gefe. Kada hannu ya gitta ta wurin taruwar haske ko na ƙiftawar ido. Da ka gama, ka lulluɓe gilashin da bargo ko ka shigar da shi ɗaki, domin wanda aka jingina a bango zai iya tayar da gobara idan rana ta zagayo kansa.